Hoton da Doña Ofelia Take Jira

Talata, 7 ga Mayu, da sassafe

Na sake goge gilasan kyamara duka, har da ƙaramin nan da ba na zuwa biki da shi. Tabon yana nan. Daidai tsakiya, kamar wani ya dangwala babban yatsa bayan ya ci abu mai maiƙo.

Ranar Asabar da na fara ganinsa a bakin teku na ɗauka gumi ne. Duk mai hoto a garin nan ya san wannan: ka fito da kyamara daga sanyin ɗakin otal zuwa zafin waje, gilashi ya yi gumi, sai ka jira ya bushe. Na jira. Amarya da ango suna tsaye cikin yashi suna murmushi har kumatunsu suka gaji. Da na sauke kyamarar na dubi amaryar, sai na ga tabon a kan hancinta.

Matata Landy ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, gilasan nan in ka ƙara goge su hujewa za su yi." Na ce gishirin teku ne. Ta koma wurin tukunyarta.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Na je birnin Mérida. Na ce wa Landy batir zan sayo.

Likitan ido ya ɗiga min magani, ya sa na ɗora haɓa a jikin na'ura, ya daɗe yana kallon allonsa. Ya yi bayani. Ya ce in dawo wata mai zuwa, kuma kada in zo ni kaɗai. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa, sai ya shiga gyara biro a aljihunsa.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Idon dama ne. Na hagu kuwa tun ina yaro rago ne, bai taɓa yi min aikin kirki ba.

Na dawo ba batir. Ba ta tambaya ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, da hantsi

Ranar iyaye mata. Tun asuba makaɗa ke zagaya unguwa suna yi wa tsofaffi waƙa a bakin taga.

Yesenia ta kira daga Chicago, amaryar ranar ashirin da biyar ga wata. A can aka haife ta. Dangin angonta Derek sun ɗauka don teku aka kawo bikin garinmu, kuma ta bar su a haka. Gaskiyar ita ce mahaifinta, Don Anselmo, an koro shi daga Amurka shekarun baya, ba zai iya komawa ba. Mahaifiyarta, Doña Ofelia, tana can ba takardu, in ta fito ta fito ke nan. Duk inda aka ɗaura auren, ɗayansu ba ya wurin. Suka zaɓi uban ya raka ta gaban bagadi.

Uwar ta karɓi wayar. Ta ce, "Don Wilberth, ni ba ruwana da hoton faɗuwar rana da tsalle-tsalle cikin ruwa, wannan na 'yan uwan Derek ne. Abu ɗaya nake so. Laso."

Ita ta haɗa shi da hannunta: dogon carbi mai zobe biyu, ɗaya a kafaɗun ango, ɗaya a na amarya, gicciye a tsakiya. Da tana nan, ita da mijinta ne za su ɗora musu shi. Yanzu ƙanwarta Chabela za ta tsaya mata.

Doña Ofelia ta ce, "Lokacin da Anselmo yake ɗora shi nake so, ba na bayan an tashi ba. Hoton aurena bayan an tashi aka ɗauke shi. Mai hoton ya makara, aka ce mu sake durƙusawa. Ka gan mu kamar waɗanda aka kama da kazar mutane."

Yesenia ta ce, "Mama, Don Wil ya san aikinsa."

Na ce kada ta damu. Da bakina na faɗa.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan sujadar safe

Na tsaya na jira Fada Cirilo ya gama gaisawa da mutane. Na tambaye shi ko zai yarda in zo da mai hoto na biyu ranar auren Yesenia, wannan karon kawai.

Ya ce, "Ɗana, mutum ɗaya, ginshiƙi ɗaya. Tsufa ka fara?"

Na yi dariya. Na san amsar tun kafin in tambaya. Tun ranar da wani mai hoton otal ya hau matakalar bagadi ya jingina gwiwar hannu kusa da ƙoƙon jibi mai tsarki, Fada ya kafa doka: ba waya a cikin coci, ba walƙiyar kyamara, ba jar fitilar nan da take taimaka wa kyamara ta saita kanta, kuma ba mai ɗaukar hoto sai ni, daga gefen ginshiƙin hagu. Na yi alfahari da wannan shekara da shekaru.

A rana kyamarata tana saita kanta, ba ta bukatar idona. A cikin cocin nan da ƙarfe biyar na yamma, ƙofofi a rufe, daga kyandir sai kwan fitila masu launin shayi, sai ta yi ta lalube gaba da baya kamar mai neman takalmi a duhu. Shi ya sa kullum da hannu nake murɗa zoben saiti har fuska ta fito ras. Da hannu, da idon dama.

Talata, 14 ga Mayu, da rana

Na goge gilasan.

Laraba, 15 ga Mayu, da yamma

Ban hau babur ba. Na ce wa Landy birki ne.

Rubutuna ya yi girma, shafi ba ya ɗaukar komai. In na kalli gefen takarda ina ganin abin da nake rubutawa, in na kalli kalmar sai ta ɓace.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

Na ɗauki waya zan kira Yesenia. Na shirya maganar tun ina kwance a ragar barci: ki yi haƙuri, wani uzuri ya taso, ga lambar wani. Lambar wa? Duk wanda na ba ta, a bakin ƙofar coci zai tsaya. In na janye, ba wanda zai ɗauki komai a ciki. In na gaya wa Fada, ko dai ya ce Allah ya sawwaƙe ya rufe maganar hoto gaba ɗaya, ko ya tausaya min ya bar ni a gindin ginshiƙi da idon da nake da shi. Ko ta ina aka bi, Doña Ofelia ba ta samu komai ba.

Ko kuma tsoro ne kawai nake yi wa ado da hujja. Ban sani ba.

Na ajiye wayar. Na share tsakar gida, wanda Landy ta riga ta share.

Asabar, 18 ga Mayu, da yamma

Aikin bakin teku yau, wasu 'yan Kanada. Ciyawar teku ta taru tana wari, ma'aikatan otal suna kwashewa da cebur a bayanmu. Kyamara ta yi aikinta, ni nawa nuna mata wuri. Duk lokacin da ta kama saiti takan yi 'yar ƙara, tit. Shekara nawa ina jin ƙarar nan ban taɓa saurarenta ba.

A hanyar gida dabara ta zo min. Bencin durƙuso na ango da amarya wuri ɗaya yake zama kullum. Ginshiƙina ba ya motsi. In na je da safe, ƙofofi a buɗe, haske ya cika cocin, wani ya durƙusa a wurin amarya, kyamara za ta kama saiti da kanta, in ji tit. Sai in kashe saitin nata, in naɗe zoben da salatif. Ranar biki abin da ya rage min in tsaya inda na tsaya in danna.

Na yi ta juya abin ina neman inda ya ɓaci. Ban samu ba. Wannan ma ya dame ni.

Talata, 21 ga Mayu, da sassafe

Zafi. Ban ci wainar panucho ɗin da Landy ta ajiye min ba, na ba karen maƙwabta.

Alhamis, 23 ga Mayu, da rana

Na kai Landy coci da safe. Na ce gwajin gilashi zan yi.

Ta durƙusa a bencin ta ce, "Shekara kusan ashirin kana ɗaukar hoto a gindin ginshiƙin nan, yau ne ka san da gwaji?"

Na ce, "Ɗaga haɓa kaɗan."

"Da ka faɗa min aure za a sake ɗaura min da na wanke gashi. Ina angon? Allah ya sa wannan ya fi na farko magana."

"Landy, ki daina motsi."

Tit. Na sake. Tit. Na sake har ta ce gwiwoyinta ba na 'yar ashirin ba ne. Na naɗe zoben, na ƙara wani salatif a kai. Na tsuguna na manna ɗan guntu a ƙasa inda ƙafata ta dama take. Ƙafar bencin kuma tana kan tayil ɗin nan mai tsaga, na shafa da hannu na tabbatar.

Da muka fito ta riƙe hannuna a kan matakala. Ba ta saba ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, da yamma

Gwajin shiga coci. Baƙi sun iso, duk sun yi ja kamar dafaffen jatan lande. Don Anselmo ya zo da farar rigar guayabera da aka goge har ta yi ƙarfi, gajere ne, hannuwansa duk baƙin mai na injin kwalekwale da bai fita ba.

Ya ce, "Mai hoto, ka rage min tumbi, matata za ta gani."

Chabela ta ce, "Tumbin da take gani kullum a waya? Kai dai ka koyi riƙe lason. Zobe biyu ne, ba ragar kifi ba."

"Chabela, na ɗaure jirage a cikin guguwa."

"Shi ya sa nake tsoro, kada ka shaƙe yaron mutane."

Yesenia tana dariya tana share ido. Ba a fito da lason ba, Doña Ofelia ta hana a buɗe akwatinsa sai gobe. Da igiyar labule suka gwada.

Kafin in tafi na duba benci. Yana kan tayil mai tsaga.

Asabar, 25 ga Mayu, da safe

Kyamarar coci na bar ta a gida cikin jaka, kada ta shiga sanyin otal ta yi gumi. Landy za ta kawo min ita bakin coci. Na taɓa salatif ɗin. Na sake taɓawa.

Lahadi, 26 ga Mayu, da rana

Zan rubuta shi a jere, yadda ya faru.

Hotunan otal sun tafi daidai. Na isa coci da wuri, na karɓi jaka, na sami guntun salatif ɗina a ƙasa, na ɗora ƙafa. An shimfiɗa farin kilishi tun daga ƙofa har gaban bagadi, furanni ko'ina. Aka rufe ƙofofi. Aka fara kiɗan shigowa.

Sai Brenda, mai tsara bikin daga otal, ta raɓo kusa da ni ta raɗa min, "Don Wil, na ja bencin gaba don jelar rigar ta baje sosai. Za ka gode min."

Na ce, "Kamar yaya kika ja shi?"

"Kaɗan."

"Kaɗan nawa, Brenda?"

"Kaɗan dai." Ta wuce tana gyara furen wata yarinya.

Kilishin ya rufe tayil ɗin. Amarya ta riga ta shigo a hannun ubanta. Ba wanda ke ratsa gaban bagadi in an fara, ni kuwa ko taki ɗaya daga ginshiƙi ban da izini. Ba laifin Brenda ba ne. Ba wanda ya gaya mata kada ta taɓa, don ba wanda na gaya wa komai.

Karatu na farko, zabura, bishara, wa'azi. Ban ji ko kalma ba. Ina ta auna tazarar da gefen ido: taki ɗaya ne, rabin taki ne. Na kunna saitin kyamara na gwada a kan lulluɓin amarya, ta yi gaba ta yi baya, ba tit. Kuma da na yi hakan, saitin ranar Alhamis ya tafi. Da hannuna na rushe shi. Har yanzu ban san ko wauta ce ko ita ce kaɗai abin yi ba.

Na ɓare salatif ɗin. Ƙararsa ta cika min kunne.

Suka yi alkawari, suka sa zobe, suka durƙusa. Don Anselmo da Chabela suka taso da akwatin. Ina ganin farar rigarsa a gefen tabon, fuskoki kuwa babu. Na mai da zoben saiti inda na tabbata bai kai gare su ba, na danna. Na murɗa kamar kaurin gashi, na danna. Na murɗa, na danna. Na yi ta yi har na tabbata na wuce su, sannan na juyo baya. A cikin tarin nan dole ɗaya ya faɗa daidai tazararsu. Abin da ban sani ba shi ne ko a lokacin hannun Don Anselmo yana kan laso, ko ya riga ya koma kujerarsa.

Fada ya dakata a tsakiyar addu'a. Ko ban ga fuskarsa ba na san ni yake kallo. Ban tsaya ba.

Bayan an tashi ya ce, "Wilberth, keken ɗinki ka kawo min coci yau?" Na ce ya gafarce ni. Ya ce in zo in same shi cikin mako.

A wurin liyafa Don Anselmo ya rungume ni yana warin giya da man gashi. "Ka samu, mai hoto?" Na ce na samu.

Litinin, 27 ga Mayu, da hantsi

Na zuba su a kwamfuta. Na buɗe na laso, na ƙara girmansu, na karkatar da kai, na kalli gefen allo. Duk dishi-dishi. Sai na buɗe na bakin teku, waɗanda na ji tit ɗinsu da kunnena. Su ma dishi-dishi. Na rufe.

Talata, 28 ga Mayu, da yamma

Yesenia ta aiko saƙon murya daga filin jirgi. "Don Wil, ba gaggawa, amma Mama ta ce ko guda ɗaya ne, na laso."

Na amsa cewa ina gyaran launi.

Laraba, 29 ga Mayu, da rana

Na goge gilasan. Ban je wurin Fada ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, da safe

Na yi tunanin in tura su duka su zaɓa. Sai na hango Doña Ofelia a kicin ɗinta tana wuce hoto bayan hoto, duk hazo, tana neman fuskar 'yarta, wataƙila har ƙarshe ba ta samu ba. In babu shi, ya kamata ta ji daga bakina. In akwai, shi kaɗai ya kamata ta gani.

Wani saƙon ya shigo. Ban saurara ba.

Asabar, 1 ga Yuni, da yamma

An yi ruwan farko da rana. Ina zaune gaban kwamfuta a kashe, Landy ta shigo da kujerar kicin ta ajiye kusa da ni. Ta goge hannu a jikin siket ta ce, "Kunna."

Na ce aiki nake.

"Na gani. Kwana nawa kana wannan aikin? Kunna, maigida. Me nake nema?"

Na ce gashin idon amarya. In ana iya ganin gashin ido ɗaya-ɗaya, ya fito.

Ta sa tabaraunta na ɗinki. "Wannan a'a. A'a. Wannan kyandir ne ya fito. A'a. Wannan kunnen Derek ne, tubarkalla, kamar marfin tukunya. A'a." Ina danna gaba, tana cewa a'a. A cikin hotunan Don Anselmo ya ɗaga laso, ya sauke a kan ango, ya sauke a kan amarya, duk a'a. Lokacin da aka ce in ɗauka ya wuce a gaban idonta, ni ina dannawa.

Ta ce, "Tsaya. Koma baya."

Na koma.

"Wannan." Ta matsa kusa da allo. "Ya riga ya ɗora. Amma bai saki ba. Chabela tana jan hannun rigarsa su koma, shi kuma ya riƙe carbin a kafaɗar yarinyar. Ita ta ɗago tana kallonsa. Ga gashin idonta, a jiƙe."

Na ce ba shi aka ce in ɗauka ba, cewa aka yi lokacin da yake ɗorawa.

"Tura mata."

Na tura. Landy ba ta tashi ba. Ta ce, "Yaushe likitan ya ce ka koma?" Ban tambaye ta yadda ta sani ba. Na faɗa mata ranar. Ta ce za ta nemi wadda za ta riƙe mata shago.

Lahadi, 2 ga Yuni, da hantsi

Saƙon Doña Ofelia ya iso muna karyawa. Landy ta kunna shi a kan tebur.

"Don Wilberth, na gani. Baibai ya sa shi. Gicciyen gaba ya kamata ya sauka, a tsakaninsu, ga shi can yana lilo a bayansu. Kuma Chabela tana tsaye tana kallo. Na faɗa, na nanata. Mutumin nan bai taɓa yin abu daidai ba in ba na wurin." Sai ƙarar famfo yana zuba. Har na ɗauka saƙon ya ƙare. "Ka wanke min shi babba. Wanda ya fi kowanne girma. Kada ka gyara komai."

Landy ta buɗe hoton a kwamfuta. Ta ce, "Gaskiyarta, ga shi can a baya. Kana ganinsa?"

Na karkatar da kai dama, na karkatar hagu. Na ce a'a.

Ta kama yatsana ta ɗora a kan allon, ƙasa kaɗan da kafaɗar amarya, ta riƙe shi a wurin.